Mai Kwanci da Saƙon da Ya Ƙi Isa

Yayana ba ya tafiya. Ba wai ƙafa ce ke damunsa ba, tafiyar ce kawai ba ta cikin tsarinsa. Tun da ya kama aiki a gidan ƙyanƙyasar kaji da ke bayan gari, iyakar nisansa daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar wurin aikin, kuma gidan da ya kama haya katangar wurin yake kallo. An yi aure a danginmu bai zo ba, an yi haihuwa bai zo ba, an yi rasuwa ya yi gaisuwa ta waya. Shi ya sa muka laƙa masa suna Mai Kwanci, kamar kazar da ta hau kan ƙwai. Bai taɓa jin haushin sunan ba. In ka kira shi da shi amsawa yake yi, wanda ni kuma shi ya fi ƙona min rai.

A takarda, aikinsa kula da kwamfutoci ne. A zahiri kuwa gadin ƙwai yake yi. Akwai manyan injinan ƙyanƙyasa uku a wurin, kowanne cike da dubban ƙwai, kuma dole zafin cikinsu ya tsaya daidai. In ya sauka aka yi sake na 'yan awoyi, duk abin da ke cikin ɓawon nan ya mutu. An haɗa injinan da kwamfuta yadda da zarar zafi ya motsa, injin da kansa zai rubuta imel ya aika. Saƙon kan faɗo wayar Yaya, shi kuma ya saki duk abin da ke hannunsa ya ruga. Matarsa ta ce min ta sha ganinsa ya fita da kumfar sabulu a kunne.

Tun yana yaro haka yake, jikinsa a nan, hankalinsa can wani wuri. Yakan kwanta a ƙasa ya manna kunne a jikin firij yana sauraron gurnaninsa. Wata rana ya tsare Innarmu da tambaya, wai in mutum ya yi magana a waya, kafin maganar ta isa kunnen wancan, ina take zama? Inna ta ce masa tana zama inda aikensa yake zama in ta tura shi shago, wato a hanya. Duk muka yi dariya, shi kuwa ya gyaɗa kai da gaske, kamar an ba shi amsar da zai yi aiki da ita.

Inna a wurina take zaune, tafiyar yini guda a mota daga garin da yake. A bana jikinta ya yi sanyi sosai, tunaninta kuma ya fara kufce mata. Takan manta ta ci abinci, takan kira 'yata da sunana. Abu ɗaya ne ba ta mantawa. Kullum in na kai mata ruwan wanke fuska sai ta ce, "Auta, yayanki ya iso?" Da likita ya ja ni gefe ya ce duk wanda ya kamata ya gan ta a kira shi, a tsaye a bakin asibitin na buga wa Yaya.

"Ina tafe," ya ce. "Bari kawai in gama da saƙon nan."

Ga yadda maganar saƙon take. Mai wurin ya ga yayana yana neman ƙarewa a tsaye, sai ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin masu gyaran injina a cikin gari. Aka sa adireshin imel ɗinsu cikin waɗanda injin zai riƙa aika wa, don in Yaya ba ya nan su taso. Shi ke nan fa, sai saƙo ya ce bai san zance ba. Yana zuwa wayar Yaya lafiya lau, amma kamfanin ko sau ɗaya bai gan shi ba. Muddin bai isa gare su ba, Yaya ba zai bar ƙwan nan ko na yini ɗaya ba.

Na ba shi sati, na ƙara masa wani, kullum amsar ɗaya ce. Da makarantar da nake koyarwa ta yi hutu, na bar Inna a hannun mijina da babbar 'yata, na hau mota. Duk tsawon hanya ina jera maganganun da zan faɗa masa, masu zafi, har ina gyara wasu don su fi shiga.

Ba a shiga wurin nan haka kawai. Sai ka taka ruwan magani a bakin ƙofa, a ba ka farar riga da hula, ka wanke hannu har gwiwa. Kafin in gama duk wannan rabin faɗana ya zube. Da aka buɗe min ƙofar ciki kuwa, sauran rabin ya bi shi.

Ɗakin ɗumi ne da shi, irin ɗumin jikin jariri in ya tashi daga barci. Hasken kaɗan ne, rawaya-rawaya. Fankoki na juyawa da wani sauti mara hawa mara sauka, wanda in ka daɗe a ciki sai ka daina jinsa, ka fara jin kamar daga ƙirjinka yake fitowa. Ta gilashin ƙofar injin na hango ƙwai jere a kan farantai, sahu bisa sahu har sama. Ina cikin kallo sai duk farantan suka karkata gefe ɗaya a hankali, a tare, babu hannun kowa. Na ji idona ya yi nauyi. Na ga kamar in na zauna a nan zan manta ranar da na zo da abin da ya kawo ni.

Yaya na zaune kan wata 'yar kujera a lungu, kwamfuta a cinya. Ya yi furfura fiye da yadda na bar shi, ya kuma rame. Da ya gan ni ya yi murmushi kamar jiya muka rabu.

"Auta, kin sha hanya. Ya jikin Inna?"

"Jikin Inna yana can yana jiranka," na ce. "Yaya, kai wane irin mutum ne? Ƙwai fa. Gobe ma kaji za su yi wasu."

Bai musa ba. Ya jawo min kujera ya ce in zauna in gani. Ya nuna min allon kwamfutar, rubutu ƙanana layi-layi, ya fara yi min bayani da muryar nan tasa ta mai ba yara labari.

"Kin ga saƙo in ya fita daga injin nan, ofishinmu yake fara zuwa. Akwai kwamfutar da ke tsaron ƙofa, ita ke duba wa aka yarda a aika wa a waje. Na sa kamfanin cikin amintattu, ta san su, ba ta tare shi. Ya fita. Ya bi hanyarsa, ya je ƙofarsu ya ƙwanƙwasa. Ga shi nan a rubuce, sun buɗe, sun ce sun karɓa. Daga nan kuma shiru."

"Ko adireshin ne ba daidai ba?"

"Na duba harafi-harafi."

"Ko cikin sharar imel ɗinsu yake faɗawa? Ni ma saƙon hedimasta can nake tsintarsa."

"Sun duba. In na rubuta musu da hannuna daga kwamfutar nan, kafin in ɗauke yatsa ya isa. Na injin ne kaɗai ke shiga gidan ya ɓace." Ya juya yana kallon farantan. "Wani lokaci sai in riƙa ganinsa a raina, Auta. Ɗan saƙo a tsaye a wani dogon zaure, fitilu a kunne, ba kowa. Ya zo da maganar gaggawa, yana ta sallama."

Na so in ce masa akwai wata tsohuwa ma da ke ta sallama ba a amsa ba, amma na haɗiye. Na ga idonsa, na san ya riga ni sanin haka, kuma abin yana cinsa.

Ya kira injiniyan kamfanin a gabana ya sa a sifika. Mutumin kirki ne, amma daga jin muryarsa ya gaji da yayana.

"Malam, wallahi wayata tana hannuna. Danna mu gani."

Yaya ya tashi ya danna maɓallin gwaji a jikin injin. Wayarsa ta yi ƙara nan take. Muka jira. Farantai suka sake karkata.

"Babu komai," in ji injiniyan. "Ko dai matsalar daga wajenku take?"

"Kwamfutarku ta ce ta karɓa."

"To ni dai ban karɓa ba."

Haka na kwana biyu a garin. Da safe in bi shi, in taka ruwan magani, in zauna a lungun nan ina gyangyaɗi. Yakan sauya wani abu, ya danna, ya kira, a ce babu. 'Yata ta bugo ta ce Inna ta ƙi cin abinci, wai sai an ajiye wa yayana nasa. Na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In na tafi zafi ya sauka, ba wanda zai sani sai wari ya tashi. Amana aka ba ni." Na ce ita ma Inna ai amana ce. Ya ce ya sani. Na fita waje na yi kukana na dawo.

A rana ta uku aka zuba sabon ƙwai a injin na tsakiya. Wata dattijuwa ce ke wannan aikin, kowa Gwaggo yake ce mata, ta riga yayana zuwa wurin da shekaru. Na tsaya ina kallonta don ban da abin yi. Takan ɗauki ƙwai ta ɗaga shi ga haske, ta juya, ta ajiye shi tsininsa ƙasa, tana 'yar waƙa a maƙoshi. Da ta gama ta rufe ƙofar, sai ta sa babban yatsa a kan wani maɓalli ta danne, ta daɗe ba ta saki ba. Ɗan allon injin ya yi ƙyafta-ƙyafta, kwanan watan da ke jiki ya goge, wani ya fito: ɗaya ga watan ɗaya, na wata shekara da ta wuce tun ina budurwa.

"Gwaggo, agogon nan ya lalace ne?" na tambaya.

Ta yi dariya. "Lafiyarsa ƙalau, 'yar nan. Mu nan ba ruwanmu da watan waje. Ranar da aka zuba ƙwai ita ce ɗaya ga wata. In na leƙo na ga lambar, na san kwanansu nawa a ciki, ba sai na yi lissafi ba. Haka na tarar ana yi."

Na duba sauran injinan biyu. Lallai kuwa, kowanne da nasa kwanan watan, duk a watan ɗaya na waccan tsohuwar shekarar da aka ƙera su, don can agogon ke komawa in an danne maɓallin. A ɗakin nan wata na biyu bai taɓa kamawa ba. Abin ya ba ni sha'awa, na juya in tsokani Yaya.

"Ashe shi ya sa ba ka zuwa gida. Ku a nan har yanzu kuna shekarar da—"

Ban ƙarasa ba saboda yadda na ga fuskarsa. Yana tsaye, bakinsa a ɗan buɗe, yana kallon allon da yake wucewa ta gabansa kullum tsawon shekaru. Ya san da al'adar Gwaggo sarai, shi ma da ita yake duba kwanan ƙwai. Sabo ne ya sa ya daina ganinta.

Ya buɗe ɗaya daga saƙonnin injin a wayarsa, ya shiga can cikin bayanansa. Wayarsa tana jera saƙo ne bisa lokacin da ya iso, shi ya sa kullum yake ganinsa a sama. Amma kwanan watan da injin ya rubuta a goshin saƙon, na agogonsa ne. Nan take ya kira injiniyan.

"Ranka ya daɗe, in saƙo ya shigo muku, ta yaya yake zuwa wayar wanda ke bakin aiki?"

"Kwamfuta ce ke tura na ranar."

"Wanda ba na ranar ba fa? A ce ya zo da tsohon kwanan wata?"

"Wannan ai ta ɗauka tsohon zance ne, ma'ajiya take kai shi. Ba mai shiga can."

"Don Allah shiga. Ka gangara can ƙasa, ƙarshe."

Muka ji ƙarar danne-danne. Gwaggo ta matso tana goge hannu a rigarta. Can sai muryar mutumin ta dawo, a sanyaye.

"Ikon Allah. Ga su nan, Malam. Da yawa fa." Ya fara karantowa a hankali. "Zafi ya sauka a inji na ɗaya. Gwaji. Gwaji. Fanka ta tsaya a inji na uku. Gwaji. Ƙofa a buɗe take." Ya ja numfashi. "Duk a shekarar da ko kamfaninmu ba a kafa ba."

Na tsaya ina sauraro. Duk kiran da ɗakin nan ya yi ya isa inda aka aike shi, an karɓe shi, an kwantar da shi cikin tsofaffin kaya. Na ji tausayin saƙonnin nan kamar masu rai, ni da na zo in zage su.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wai ni ce na jawo?"

"Ba ke ba ce, Gwaggo," Yaya ya ce. "Ke kin yi aikinki, ita ma kwamfutarsu ta yi nata."

"To yanzu sai in daina dannawa? Ni fa da wannan na iya."

Ni a raina na ce ai sai ta daina, meye a ciki. Shi kuwa ya ce ta ci gaba da abinta. Ya koma kujerarsa ya yi ta rubuce-rubuce har bayan azahar, ya umarci kwamfutar ofis cewa duk saƙon injin da zai fita, ta goge kwanan watan da ya zo da shi ta buga masa na yau. Sannan ya tashi ya danna maɓallin gwaji. Kafin ya koma ya zauna, injiniyan ya kira da kansa yana dariya, ya ce wayarsa ta kusa faɗuwa daga aljihu.

Kada ka ɗauka daga nan muka kama hanya. Sai da ya gwada injinan uku ɗaya bayan ɗaya, ya sa Gwaggo ta sake danne maɓallinta ya kuma gwadawa, ya sa injiniyan ya yi masa alkawari har sau ba adadi. Washegari da safe da matarsa ta miƙo masa jaka, sai ya riƙe ta kamar bai san amfaninta ba. A mota ya zauna jikin taga, waya a tafin hannu, yana kallon gonaki da gadoji da garuruwan da suka girma ba da saninsa ba. Kowane ɗan lokaci ya duba allon. Na ce in bai ajiye ta ba zan jefar da ita ta taga, ya sa ta a aljihu, hannunsa kuma ya bi ta ya zauna a can.

Mun isa da la'asar sakaliya. Ina ta fargaba a hanya, don kwanan nan Inna takan kalli mijina ta tambaya ko baƙo ne. Na ja Yaya gefe a tsakar gida na ce kada ransa ya ɓaci in ba ta gane shi ba. Ya ce to.

Tana kishingiɗe a gado, hasken taga a kan ƙafafunta. Ya yi sallama ya durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa, furfurar, ramar, duk ta bi su da ido. Sannan ta ɗaure fuska.

"Kai kuma wa ka bar wa ƙwan?"

Ya ce, "Akwai masu dubawa, Inna. In wani abu ya faru za a sanar da su."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To zauna," ta ce. "Ka tsaya min a kai kamar mai shirin komawa."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon. Ta ɗora hannu a kansa tana shafawa, tana ba shi labarin mutanen da suka daɗe da rasuwa kamar ɗazu suka fita. Yana amsawa da "haka ne, Inna," muryarsa na ƙara yin ƙasa. Na je kicin in haɗa masa shayi. Da na dawo, kansa ya kwanta a gefen katifar, bakinsa a buɗe, yana barci da rana a tsakiyar mutane, abin da matarsa ta ce ta manta rabon da ta gani. Wayar ta zame daga aljihunsa tana ƙasa.

Ina ajiye kofin allonta ya kawo haske. Na ɗauka na duba. Zafi ya sauka a inji na uku. Ba gwaji ba ne. Na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa, sai wani saƙon ya shigo a bayansa, daga injiniyan: "Mun gani, muna hanya."

Inna ta ɗago ido ta dube ni, hannunta na kan furfurarsa.

"Mene ne, Auta?"

"Ba komai, Inna."

"To rage murya," ta ce. "Yaron nan ya gaji."

Na kashe ƙarar wayar, na kifa ta a kan tebur, na ja musu ƙofa.